Gyaran Yaro Ko Gyaran Gida?

Hausawa kan ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Likitocin Amurka sun daɗe suna korar ƙadangare kafin su kula da tsagar bangon. A da, idan yaro ya kangare, sai a raba shi da gida, a yi masa magani shi kaɗai.

A farkon shekarun 1960, wani likitan ƙwaƙwalwa haifaffen Ajantina, Salvador Minuchin, yana aiki a Wiltwyck, makarantar horon kangararrun yara a jihar New York. Shi da abokan aikinsa suka lura yaro kan shiryu a makaranta, amma da ya koma gida sai a koma 'yar gidan jiya. Don haka suka fara tara yaro da iyayensa da 'yan'uwansa a ɗaki guda, suna nazarin wa ke magana, wa ake katsewa, umarnin wa ake bi. Daga wannan aiki littafinsu na 1967, Families of the Slums, ya fito.

A shekarun 1970 aka ɗora wannan hanya kan shaye-shaye. A birnin Miami akwai dubban iyalai da suka baro Kuba bayan juyin juya halin 1959. 'Ya'yansu suka riga su koyon harshe da ɗabi'un Amurka, iyaye suka rasa ta cewa, ƙwaya ta samu ƙofa. José Szapocznik na Jami'ar Miami ya tsara magani na 'yan watanni: a maido wa iyaye ragamar gida, su daina saɓa wa juna a gaban yaro, faɗa ya koma magana. Babbar wahala ita ce shawo kan iyali su zo. Da masu maganin suka riƙa bin wanda ya ƙi zuwa da lallashi, wani lokaci har gida, bincikensu na 1988 ya nuna kashi 93 cikin ɗari na iyalai sun shiga magani, alhali ta tsohuwar hanya kashi 42 ne.

Mu ma abin ya shafe mu. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta 'yan Nijeriya miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da ƙwayoyi cikin shekara guda. A 2019 kuwa 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Kaduna, wasu ɗaure da sarƙa, da yawa danginsu ne suka kai su.

Tarihin nan bai ɗora wa iyaye laifi ba. Ya nuna su ne rabin maganin. Saboda haka mu marubuta, in za mu sa ɗan ƙwaya a labari, kada mu bar shi a lungu shi kaɗai. Mu bi shi har tsakar gida, mu ji yaushe rabon da mahaifinsa ya zauna da shi a tabarma guda.