Degel, Ƙauyen da Kawu Yake Malami

A ƙasar Hausa, uba bai cika zaunar da ɗansa ya yi masa doguwar nasiha ba, balle ɗan fari wanda kunya kan hana a ko ambaci sunansa. Nauyin ja wa yaro kunne a kan karatu yakan faɗa wuyan kawu, ko baffa, ko yaya, kuma sau da yawa su ake ba wa riƙonsa. Da wuya a sami inda wannan al'ada ta bar sawu a rubuce kamar Degel, ƙauyen malaman Toronkawa na ƙasar Gobir, wanda yau yake cikin Jihar Sakkwato.

Nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi, bayan an haife shi a Maratta a 1754. Alƙur'ani a gaban mahaifinsa, Muhammadu Fodiyo, ya sauke shi. Daga nan sai dangi suka karɓe shi hannu-hannu. Ya lizimci kawunsa Usmanu Binduri kusan shekara biyu, yana ɗaukar fiƙihu, yana kuma kallon yadda dattijon yake horo da kyakkyawa, yake hani da mummuna ba tare da tsoron kowa ba. Wannan hali ya shiga jikin saurayin, har ya fara fita wa'azi yana ɗan shekara ashirin, wajen 1774. Wani kawun, Muhammadu Sambo, ya biya masa Mukhtasar na Khalil, sannan Muhammadu ɗan Raji, shi ma ɗan'uwa ne, ya karantar da shi Sahihul Bukhari.

Ko babban malaminsa da ba na gida ba, Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya san girman maganar gida. Shehu ya bi shi har Agadas, amma da malamin ya ɗaura niyyar Hajji sai ya mayar da almajirin wurin mahaifinsa, domin ba a ba shi izinin wannan tafiya ba.

An san duk wannan ne saboda ƙanen Shehu, Abdullahi, ya rubuta ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukh, inda ya jera malamansu ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke taɓa zuciya a ciki shi ne labarinsa na kansa. Yana ɗan shekara 13 aka danƙa shi a hannun yayansa, wanda ya girme shi da kimanin shekara goma sha biyu. A gabansa ya karanta Ishiriniya, da Ajurumiya a nahawu, da Ahalari da Ishmawi da Risala a fiƙihu, da tafsiri tun daga Fatiha har ƙarshen Alƙur'ani. Ga yadda irin wannan karatu yake: almajiri ya durƙusa a zaure da ganyen littafinsa a hannu, ya ja baƙi, malam ya fassara, gobe sai ya kawo na jiya kafin a yi masa ƙari. To, idan malamin yayanka ne, akushi ɗaya kuke ci, kuma tare kuke keta Zamfara da Kabi wajen wa'azi, ina za ka ɓoye lalacinka? Ƙarfin nasihar ke nan: mai yin ta yana ganin yaron dare da rana, yaron ma yana ganin shi kansa bai ajiye littafi ba. Wannan ƙane shi ne ya zo ya rubuta tafsirin Liya'ut Ta'awili, wanda har yau ake karantawa a zaurukan malamai.

Abdullahi kuma ya biya bashin a kan ɗan yayansa, Muhammadu Bello, wanda aka haifa a 1781, ya koya masa Larabci da nahawu. Bayan rasuwar Shehu a 1817 an sami sanyin zumunci tsakaninsu a kan gadon mulki. Da 'yan tawayen Kalambaina suka matsa wa Abdullahi, Bello ya kawo masa ɗauki. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka yi ido biyu Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa kuma malaminsa, Abdullahi ya yi masa alama ya zauna, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi.

Shehu da kansa bai ɓoye alfaharinsa da su ba. A cikin Najmul Ikhwan ya hori ɗalibai su duƙufa kan littattafan Abdullahi saboda ƙwarewarsa a shari'a, da na Bello saboda sanin siyasa.

Mata ma ba a bar su a baya ba, kuma wannan ya cancanci a yaba masa ƙwarai, domin a Nurul Albab Shehu ya caccaki malaman da ke tara almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta yi karatu a wurin mutanen gidansu, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. A zamanin mulkin yayanta Bello ta kafa tsarin 'Yan Taru: takan naɗa wa mace jagora, wato jaji, malfa da jan rawani, ita kuma jajin ta rako matan ƙauyensu su zo ɗaukar karatu, su koma su koyar da waɗanda aure da raino suka tsare a gida. Asma'u ta rasu wajen 1864, 'yar'uwarta Maryamu ta ci gaba da riƙe aikin.