Tarihin mawaƙan Peter, Paul and Mary

A ranar 28 ga watan Agustan 1963, wasu mawaƙa uku fararen fata, maza biyu da mace ɗaya, sun yi waƙa a gaban taron mutane kimanin 250,000 a birnin Washington.

A wurin wannan gangami ne Martin Luther King ya yi jawabinsa da ya shahara kan 'yancin baƙaƙen fatar Amurka.

Mawaƙan su ne Peter Yarrow da Noel Paul Stookey da kuma Mary Travers, waɗanda Albert Grossman ya haɗa su a birnin New York a shekarar 1961.

Ba su da kayan kiɗa masu yawa. Jita biyu ne, sai muryoyi uku da ke tafiya tare ba tare da ɗaya ta danne sauran ba.

Faifansu na farko, wanda ya fito a 1962, ya kai matsayi na ɗaya a jerin faya-fayen da aka fi saye a Amurka.

Sai dai abin da ya fi fito da su shi ne yadda suka kai waƙoƙin neman adalci cikin gidajen mutanen da ba sa zuwa zanga-zanga.

Waƙar Blowin' in the Wind ta Bob Dylan ce, amma a bakinsu akasarin Amurkawa suka fara jin ta a 1963, lokacin da shi Dylan bai yi suna sosai ba.

Wasu masu suka na ganin sun cika tausasa waƙoƙin, amma da wuya gidajen rediyo na wancan zamani su karɓe su in ba don wannan taushin ba.

Sun kuma yi adawa da yaƙin Vietnam.

Sun rabu a 1970, shekarar da aka samu Yarrow da laifin lalata da wata yarinya 'yar shekara 14. Ya yi wata uku a gidan yari, kuma Shugaba Jimmy Carter ya yi masa afuwa a 1981, amma tabon bai rabu da sunansa ba.

Sun sake haɗuwa a 1978, suka ci gaba da wasa tare har zuwa rasuwar Mary Travers a watan Satumban 2009, bayan ta yi fama da cutar sankarar jini.

Peter Yarrow ya rasu a watan Janairun 2025 yana da shekara 86.