Mirrihi: Yadda Tauraron Nahisa Ya Koma Tauraron Himma

Wanda duk ya leƙa shafukan masu duba da taurari na wannan zamani zai tarar ana yi wa Mirrihi kirari da tauraron himma da sha'awa. Suna cewa shi ke nuna yadda mutum yake neman abin da ransa ke so, da yadda yake fushi, da irin ƙwazonsa a wurin aiki da wurin soyayya. Mai karatu zai ɗauka haka ma'anar take tun asali. Amma da na bi tarihinta, sai na ga wannan fassara ba ta wuce shekara ɗari da 'yan kai ba. Kafin nan, fiye da shekara dubu biyu, Mirrihi abin tsoro ne, tauraron yaƙi da annoba da gobara. Abin da nake so mu bi sawunsa a nan shi ne yadda aka yi wannan juyi, da abin da yake gaya mana game da mutanen da suka yi shi.

Mu fara da abin da ido ke gani, domin daga nan komai ya tashi. Mirrihi ja ne, kamar garwashi a cikin toka. Haskensa ba ya tsayawa wuri ɗaya: wani lokaci ya dushe har ka rasa shi cikin taurari, wani lokaci ya kumbura ya yi jajir. Sannan kusan duk bayan wata 26, sai a ga kamar ya tsaya cik, ya koma da baya na wasu makonni, kafin ya ci gaba da tafiyarsa. Yau mun san dalili. Shi yana kewaya rana cikin kwana 687, mu kuma cikin kwana 365, don haka lokaci-lokaci duniyarmu takan cim masa ta wuce shi, sai a ga kamar shi ne ke ja da baya, kamar yadda mai keke yake zama a idon wanda ke cikin mota. Mutanen da ba su san wannan ba. Abin da suka gani shi ne jan tauraro mai taurin kai, wanda ba ya bin layi.

A ƙasar Babila da Assuriya, wato Iraƙi ta yau, aka fara rubuta ma'anarsa dalla-dalla. Sun danganta shi da Nergal, gunkinsu na annoba da yaƙi da lahira, wanda babban ɗakin bautarsa ke garin Kuta. A cikin sunayen da suka ba tauraron akwai masu ma'anar "maƙiyi" da "baƙo". Masanansu sun tara alamomin sama a wani kundi mai suna Enuma Anu Enlil, allunan yumɓu kusan 70 masu ɗauke da alamomi dubbai. A kangon birnin Nineba an tono wasiƙun da masu duban taurari suka riƙa aika wa sarki Esarhaddon, wanda ya yi mulki daga 681 zuwa 669 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da kuma ɗansa Ashurbanipal. A cikinsu ana sanar da sarki inda Mirrihi ya tsaya da abin da hakan ke nufi ga ƙasa: mutuwar dabbobi, ko tawaye, ko harin abokan gaba.

A lura da abu ɗaya. A wancan zamani tauraro ba ya magana da talaka. Saƙonsa na sarki ne da ƙasa baki ɗaya. Takardar duban haihuwar mutum ɗaya mafi tsufa da aka samu a Babila ta shekara ta 410 ce kafin Miladiyya, wato sai can daga baya aka fara tambayar abin da sama ke cewa game da wane ɗan wane.

Girkawa suka karɓi ilmin, suka kira tauraron da suna mai ma'anar "mai wuta", suka ba da shi ga Ares, gunkinsu na yaƙi. Rumawa kuma suka ce Mars. A ƙarni na biyu Miladiyya, a birnin Iskandariya na Masar, Batlamus ya rubuta littafinsa Tetrabiblos, inda ya yi ƙoƙarin sa wa abin rigar hankali. Ya ce ɗabi'ar Mirrihi ƙuna ce da bushewa, ta Zuhal kuma sanyi ne mai yawa, saboda haka su biyun ne masu cutarwa. An ba Mirrihi gidaje biyu a cikin buruji 12, wato Hamal da Aƙrab, aka ce darajarsa na ɗaukaka a Jadyi, tana faɗuwa a Saraɗan. Batlamus ya raba rayuwar ɗan Adam gida bakwai, ya ba Mirrihi shekara 15, daga 41 zuwa 56, lokacin da ya kwatanta da na wahala da damuwa. Sojoji da maƙera da mahauta da masu aikin wuta da ƙarfe duk aka sa su a ƙarƙashinsa. Sha'awa ma tana cikin lissafin tun a lokacin, sai dai a matsayin fitina: in Mirrihi ya haɗu da Zahra ta mummunar fuska, marubutan wancan zamani zina da rikicin aure suke hangowa.

Daga wannan tsari ne sunayen ranakun mako na harsuna da yawa suka fito. An jera taurari bakwai masu tafiya bisa saurinsu: Zuhal, Mushtari, Mirrihi, Rana, Zahra, Uɗarid, Wata. Aka ba kowace sa'a ta yini tauraro ɗaya bi da bi, kuma wanda ya samu sa'ar farko shi ke da ranar. In ka lissafa, sa'ar farko ta Talata kan Mirrihi take faɗawa. Shi ya sa ɗan makarantar da ke rubuta mardi a allo a Maraɗi ko Garwa, ranar Mars yake rubutawa ko bai sani ba. A Indiya ma Talata ranar Mangala ce, wato Mirrihi. Tamu Talatar daga Larabci take, ƙidaya ce kawai, ma'anarta rana ta uku. Amma watan Maris da muke faɗa kullum, sunan gunkin nan na Rumawa ne.

A zamanin Abbasiyawa aka fassara littattafan Girkawa da na Farisa da na Indiya zuwa Larabci. Da halifa Mansur zai kafa Bagadaza a shekara ta 762, masu duban taurari irin su Naubakht da Masha'allah ne suka zaɓa masa lokacin aza harsashi. Abu Ma'ashar na Balkh, wanda ya rasu a 886, ya rubuta babbar gabatarwa ga wannan fanni, wadda aka juya zuwa Latin sau biyu a ƙarni na 12, ta zama abin karatu a Turai. A wurin waɗannan masana Zuhal shi ne babbar nahisa, Mirrihi ƙaramar nahisa, Mushtari da Zahra kuma su ne taurarin sa'ada. Al-Biruni ya jera irin waɗannan ma'anoni a littafinsa al-Tafhim a 1029, ko da yake shi kansa bai ɓoye shakkarsa game da ƙarfin hujjar masu wannan sana'a ba.

Akwai wani labari da marubuta tarihin Masar, ciki har da Maƙrizi, suka kawo game da kafa Alƙahira a 969. An ce Jauhar, kwamandan Faɗimiyawa, ya sa an kewaye filin da igiya mai ƙararrawa, da nufin in sa'a mai kyau ta yi, masu duba su girgiza ta, magina su fara aiki a lokaci ɗaya. Sai hankaka ya sauka a kan igiyar, ƙararrawa ta kaɗa, magina suka zuba harsashi, alhali a daidai lokacin Mirrihi ne ke bisa, wanda ake yi wa laƙabi da al-Ƙahir, wato mai rinjaye. Daga nan, in ji labarin, sunan birnin ya fito. Ruwaya ce, kuma akwai wasu bayanai dabam game da sunan. Amma tana nuna yadda ake kallon tauraron: ko an kira shi mai rinjaye, fitowarsa a ranar gini ɓacin lissafi ne.

Wannan ilmi ya iso ƙasar Hausa tare da littattafan malamai. Kalmar nahisa da muke amfani da ita ga ranar da ake gudun fara tafiya ko ɗaura aure, daga wannan rumbu ta fito. Haka kalmar sa'a, wadda a bakinmu take nufin lokaci kuma take nufin dace, har mukan ce wane ya taki sa'a. Mafi shahara cikin malamanmu a wannan fage shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsine, wanda ya tafi aikin hajji ya zauna a Masar. Ya rubuta al-Durr al-Manzum a kan taurari da ɗalasimai, ya kuma yi rubutu a kan yadda ake tsara hatimi, wato murabba'in lambobi wanda kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya. A tsarin da ya yaɗu har Turai, hatimin Mirrihi mai gida biyar-biyar ne, kowane layi na tashi 65. Malamin ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, a cikin birnin nan da ake cewa ya ci sunan Mirrihi.

Sai dai ba a taɓa barin wannan fanni ya sha ruwa cikin kwanciyar hankali a duniyar Musulmi ba. Malamai sun raba tsakanin sanin tafiyar taurari don gane alƙibla da lokutan salla da shigowar damina, wanda suka halatta, da kuma da'awar cewa taurari na juya ƙaddarar mutum ko suna buɗe gaibu, wadda suka yi hani da ita. Ibn Khaldun ya ware babi guda a cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, don rushe hujjojin masu duba. Manomin da ke jiran ɓacewar Kaza da 'Ya'yanta don ya san damina ta kusa, yana cikin kashi na farko.

A Turai kuma, Mirrihin da kansa ne ya buɗe ƙofar da ta raba ilmin sama da duba. Johannes Kepler, wanda shi ma yakan yi wa manya duban haihuwa don ya ci abinci, ya shafe shekaru yana fama da lissafin tafiyar Mirrihi daga bayanan da Tycho Brahe ya tara. A 1609 ya wallafa sakamakon: hanyar tauraron ba da'ira ce cikakkiya ba, mai siffar ƙwai ce, kuma rana yake kewayawa. Tsayawa da komawa bayan nan da suka firgita sarakunan Nineba suka zama lissafin da ɗalibi zai iya yi. Kafin ƙarshen ƙarni na 17, duban taurari ya fita daga jami'o'i ya koma kasuwa da kalandun manoma.

To, ina himma da sha'awa suka shigo? A nan ne labarin ya fi ba ni mamaki, domin kotu na da hannu a ciki. A Ingila a wancan zamani akwai dokar 1824 da ta haramta sana'ar faɗin abin da zai faru. Wani mai duban taurari a Landan, Alan Leo, an gurfanar da shi a 1914, ya tsira, aka sake kai shi a 1917 aka ci shi tara, ya mutu a wannan shekarar. Shi dama yana da ra'ayin cewa halin mutum shi ne ƙaddararsa, kuma shari'ar farko ta ƙara tura shi ga gyara rubuce-rubucensa, yana cire hasashen aukuwa yana sa bayanin ɗabi'a. Idan ka ce wa mutum zai yi haɗari ranar kaza, ka taka doka. Idan ka ce masa yana da zafin zuciya da son gaggawa, ba ka yi laifi ba. A 1936 Dane Rudhyar, Bafaranshe mazaunin Amurka, ya wallafa littafin da ya haɗa duban taurari da nazarin halayyar ɗan Adam irin na Carl Jung. Daga nan taurari suka tashi daga sama suka koma cikin ƙirji. Mirrihi ya daina zama maƙiyin da ke zuwa daga waje, ya zama ƙarfin da ke cikin mutum, wanda zai iya sarrafawa ya ci riba. Tun 1930 kuma jaridun Ingila suka fara buga shafin taurari, kuma mai sayar da jarida ya san ba a sayen takardar da ke yi wa mai karatu albishir da annoba kowace safiya.

An yi ƙoƙarin gwada da'awar da ƙididdiga. A 1955 Michel Gauquelin na Faransa ya ce ya gano cewa fitattun 'yan wasa sun fi yawan haihuwa lokacin da Mirrihi ke fitowa ko yake tsakiyar sama. An daɗe ana jayayya a kai, kuma wani babban gwaji da aka yi a Faransa, aka wallafa a 1996, bai tabbatar da maganarsa ba. Shi kuwa jan launin da ya haifi duk wannan tarihi, bincike ya nuna tsatsa ce, ƙurar ƙarfe da ta lulluɓe ƙasar tauraron. Masana na da sun ce ƙarfe ma'adinin Mirrihi ne, alamarsa ta garkuwa da mashi ita suka sa wa ƙarfe, kuma ita ce Linnaeus ya ara a ƙarni na 18 don nuna jinsin namiji. Sun dace da ƙarfen, amma ta hanyar da ba su zata ba.

A nawa ganin, ma'anar Mirrihi madubi ce ta yadda kowace al'umma ke kallon ƙarfi da fushi. Mutanen da ke kwana da fargabar hari da annoba sun ga maƙiyi. Masanan Iskandariya da Bagadaza, masu son daidaito a jiki da mulki, sun ga zafin da ya wuce kima. Mutanen birane na ƙarni na 20, waɗanda aka koya wa cewa kowa ya tashi ya nemi nasa, sun ga himma. Mu ma harshenmu ya san fuskokin nan biyu na launin ja ba tare da mun ɗaga kai sama ba: mukan yaba wa mai jan hali da jan gwarzo, mukan kuma yi kuka da jan aiki da mai jan ido. Tauraron dai yana nan yana kewayarsa ta kwana 687 kamar yadda yake yi tun zamanin Esarhaddon. Duk lokacin da aka ce maka ga abin da yake nufi, yana da kyau ka tambayi wane ne ya fara faɗin haka, a wane gari, kuma me yake tsoro ko yake nema a lokacin.