Tabon Wuƙa a Jikin Fenik: Azurfar Jamus a Ƙarni na 10 da na 11

A wannan takarda muna so mu jawo hankalin mahalarta ga wani saɓani da ke tsakanin mai tara tsofaffin kuɗi da mai nazarin tarihi. Za mu kafa hujja da fenik, wato ƙaramar ƙwandalar azurfa ta ƙasar Jamus, wadda nauyinta bai kai giram 2 ba.

Wajen shekarar 965, Ibrahim ibn Yaƙub, wani matafiyi daga Andalus, ya ga dirhamomin Samarkandi a birnin Mainz. Ba abin mamaki ba ne, domin a wancan zamani azurfar daular Samaniyawa ce ke kwarara zuwa arewacin Turai ta kogunan Rasha. Bayan 970 sai wannan hanya ta fara ƙafewa. Ana cikin haka haƙar azurfa ta bunƙasa a tsaunukan Harz, kusa da Goslar, fenik kuwa ya maye gurbin dirhami. Wanda ya fi yawa shi ne mai ɗauke da sunan Sarki Otto na III da na kakarsa Adelheid.

Abin lura shi ne, yawancin waɗannan kuɗi ba a Jamus aka tono su ba. Dubun-dubatarsu a ƙasar Suwidin aka same su a binne, musamman a tsibirin Gotland, sau da yawa gauraye da dirhami da kuɗin Ingila da gutsattsarin mundaye. Mutanen can ba ƙirga kuɗi suke yi ba, aunawa suke yi a ma'auni. Saboda haka ɗan kasuwa yakan caki ƙwandala da tsinin wuƙa, ko ya lanƙwasa ta, don ya tabbatar ba algus.

To, a nan saɓanin yake. Mai tara kuɗi ya fi son ƙwandala sumul, mai tabo kuwa sai ya rage mata daraja. Amma a ganinmu tabon nan shi ne shaida, domin yana nuna cewa ƙwandalar ta fita ƙasarta, ta shiga hannun waɗanda sunan sarki bai ishe su lamuni ba. Mafi muni shi ne a tono tukunya guda a rarraba ta ga masu saye ba tare da an rubuta inda aka same ta ba. Ƙwandala mafi sabunta a cikin tukunya ita ke nuna lokacin da aka binne dukiyar, in kuwa an raba ta da 'yan'uwanta, wannan lissafi ya ɓace ke nan.