Dutsen Kwatarkwashi da Hanyar da Ta Bi Ta Gindinsa

Matafiyin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau, da zarar ya bar Tsafe a bayansa, idonsa zai fara cin karo da duwatsu jefi-jefi a cikin gonakin dawa da gero. Ana nan ana tafiya sai wani ya tsaya masa a gaba, baƙi ƙirin, ya tokare sama, gari ya kwanta a gindinsa kamar yaro a cinyar uwa. Dutsen Kwatarkwashi ke nan. Yana cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, ko da yake garin Bunguɗu kansa yana can yamma da Gusau a kan hanyar Sakkwato, shi kuwa dutsen yana gabas. Daga tsakiyar Gusau tafiyar 'yan mintoci ce a mota, shi ya sa tun da daɗewa ya zama wurin da mutanen birnin suke nufa idan suna son su ba idonsu abinci su dawo gida kafin magariba.

Amma kafin ya zama wurin kallo, wurin tsoro ne da neman tsari. Masu tarihin baka suna cewa maharba ne suka fara zama a nan, ɗaruruwan shekaru kafin jihadi, domin dutsen ya haɗa musu abin da mutumin wancan zamani yake nema: kogo na ɓuya idan mahara sun taso, tudun hango ƙurar dawaki tun daga nesa, da ruwan da ke tsattsafowa daga jikinsa. Maguzawan da suka zauna wurin sun ɗauke shi mazaunin iskoki, kuma sunan Magiro, dodon tsafin da ake tsorata yara da shi a sassa da dama na ƙasar Hausa, yana tafiya ne tare da sunan Kwatarkwashi.

Abin da ya fi jawo baƙi a da shi ne bikin shekara na bayan kaka, wanda a cikinsa ake kamun maiki. Tsuntsun yana sheƙa ne a can ƙololuwa, a tsagin da ƙafar mutum ba ta saba takawa ba. Samari majiya ƙarfi su hau, jama'a na ƙasa an ɗaga kai ana kiɗa, wanda ya sauko da maiki a raye ya gama yin suna a wannan shekara. Akan taho daga ƙauyuka na kusa da na nesa, a yi wasannin nuna jarunta, a ci kasuwa, 'yan mata su yi kwalliya, a ƙulla aure. In an cire tsafin da ke ciki, wanda Musulunci ya kawar da shi sannu a hankali, abin da ya rage shi ne ainihin abin da yau ake kira yawon buɗe ido: mutum ya bar garinsu da safe don ya ga abin da babu a garinsu, ya kashe ɗan abin da ke aljihunsa, ya koma da labari.

Ƙasa da wannan dutse, ta wajen Tsafe, akwai wurin da ya fi shi nauyi a tarihi, sai dai ba ya da tsayin da zai sa direba ya rage gudu. 'Yandoto ce. A zamanin da wannan yanki yake ƙarƙashin Katsina, 'Yandoto gari ne na malamai, inda almajirai suke zuwa daga nesa neman fiƙihu da nahawu. Labarin sarautar Katsina ma ya ratsa ta nan, domin ana cewa Muhammadu Korau, wanda ya kayar da Sanau a kokawa ya karɓe gadon mulki, mutumin 'Yandoto ne. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya taso a 1804, da yawa daga malaman garin ba su ba da goyon baya ba. Muhammadu Bello ya zo da runduna, aka ci garin, malamai suka watse da abin da suka iya ɗauka na littattafansu. A cikin wannan guguwa ne Malam Sambo Ɗan Ashafa, mai goyon bayan Shehu, ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19. Wannan tarihi ne ya sa har gobe sarkin Gusau yake amsa sunan Sarkin Katsinan Gusau, na Tsafe kuma ake ce masa 'Yandoton Tsafe. Sunayen sarautun nan biyu kaɗai sun isa darasin tarihi na yini guda, da za a sami mai tsayawa da ɗalibai a kan kufan ya warware musu.

Jirgin ƙasa ne ya sauya wa yankin fuska. Layin da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Don auduga da gyaɗa aka yi shi, ba don jin daɗin kowa ba, amma da ya zo sai ya zo da mutane: Yarabawa da Ibo da Kwara 'yan kasuwa, ma'aikatan reluwe, akawuna na kamfanonin sayen amfanin gona. Gusau ta cika ta batse, aka sami Sabon Gari da kantuna, daga baya masaƙa ta biyo. Ma'aikaci mai albashi da hutun ƙarshen mako sabon mutum ne a ƙasar Zamfara, kuma shi ne ya fara hawa keke ko ya shiga mota ya tafi gindin dutse ba don fatauci ko ziyarar dangi ba, sai don kallo kawai. Makarantu suka bi sahu, malami ya tasa ɗalibansa gaba a hau dutse a leƙa kogo. Ranakun sallah kuwa samari ne suke cika wurin, ana hawa ana ɗaukar hoto.

Ruwa ma yana da nasa rabo. Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau ya wuce ta Bunguɗu. Da rani yashi ne fari fat, yara na wasa a ciki, masu lambu na haƙa rijiyoyi a gefensa; da damina kuwa sai ya cika ya tumbatsa, masu fito su fito da kwale-kwalensu. A nan shiga jirgin ruwa ba nishaɗi ba ne, hanyar zuwa gona ce da kasuwa, kuma mutanen bakin gulbi sun san haɗarinsa. Ba su manta da 2006 ba, lokacin da madatsar ruwan Gusau ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta kwashe ɗaruruwan gidaje. Mai son ganin ruwa shimfiɗe iya ganinsa sai ya ƙara gaba zuwa madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan wannan gulbi dai, kusa da Talatar Mafara.

'Yan kasuwar Arewa da suka saba zuwa Turkiyya sarin kaya sun ga yadda ake juya irin wannan dukiya. Garin Kushadasi da ke gabar tekun yammacin ƙasar kusan da baƙi yake rayuwa: manyan jiragen ruwa su tsaya da safe, motoci su kwashi mutane zuwa kufan tsohon birnin Afisa mai nisan kilomita 20 ko ƙasa da haka, a nuna musu ginshiƙan dutse da wani kogo da ake dangantawa da As'habul Kahfi, a dawo da su kafin rana ta faɗi. Mai mota ya samu, mai abinci ya samu, mai yi wa baƙi bayani ya samu. Tazarar da ke tsakanin Gusau da Kwatarkwashi ba ta wuce irin wannan ba, kuma labarin 'Yandoto bai gaza na kowane kufai daɗin ji ba.

Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama babban birni, sunan dutsen ya shiga jerin wuraren da ake nuna wa baƙi a takardun gwamnati. A 2013 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a kan wannan hanya ta Funtuwa da Zariya, kusan a inuwar dutsen. Sai dai abin da ya biyo baya ya fi ƙarfin takarda. Satar shanu ta rikiɗe ta zama harin 'yan bindiga da garkuwa da mutane, dazuzzukan Tsafe suka zama wurin da ake ambata da fargaba. A Satumbar 2021 har layukan waya aka rufe a jihar baki ɗaya, aka dakatar da kasuwannin mako. A Satumbar 2023 aka shiga Sabon Gida, inda ɗaliban jami'ar suke haya, aka tafi da ɗalibai mata. Uban da ya ji wannan ba zai sa hannu a takardar izinin tafiya yawon makaranta ba, kuma babu mai ganin laifinsa.

Abin da ya fi ciwo shi ne masu riƙe da labarin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. A 2022 Allah ya yi wa Sarkin Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar rasuwa, bayan shekara 61 a kan karaga. Tun 1961 yake zaune a gindin wannan dutse, ya ga zamanin jirgin ƙasa da na masaƙa da na 'yan bindiga. Tsofaffin da suka ga kamun maiki da idonsu, ko suka ji daga bakin iyayensu, saura kaɗan. Motocin Funtuwa da Zariya suna nan suna wucewa ta gaban garin kullum, direbobi na sauri su shiga Gusau kafin la'asar ta yi sanyi, fasinjan da ke gefen taga ya ɗaga waya ya ɗauki dutsen ta cikin gilashi.