Injin CNC: yadda kwamfuta ke sassaƙa ƙarfe da roba, da matsayinsa a Suame Magazine ta Kumasi

CNC taƙaitaccen suna ne na injinan da kwamfuta ke sarrafa motsinsu ta hanyar lambobi. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci ana ce da su "machines à commande numérique", wanda ke sassaƙa kuma "fraiseuse". Aikinsa shi ne a ɗaure masa dunƙulen ƙarfe ko roba mai tauri, wata wuƙa mai haƙora ta riƙa juyawa da gudu tana cin jikin dunƙulen kaɗan-kaɗan, har siffar da aka zana a kwamfuta ta fito. Ya bambanta da injin ferewa da Faransawa ke kira "tour", inda ƙarfen ne ke juyawa wuƙar na tsaye. Shi ya sa ake kai wa "tour" abubuwa masu zagaye kamar shaf da bushin, shi kuwa mai sassaƙa ake ba shi masu fuska, rami, kwari da kusurwa.

Asalinsa

Dabarar ta fito ne daga Amurka. A ƙarshen shekarun 1940 wani ɗan masana'anta a jihar Michigan, John Parsons, ya fara amfani da lissafin katin huda wajen fitar da ma'aunin fukafukan jirgi mai saukar ungulu. Rundunar sojan saman Amurka ta zuba kuɗi, kuma a 1952 jami'ar MIT ta nuna injin sassaƙa da ke karɓar umarni daga zirin takarda mai huji-huji. Daga baya kwamfuta ta maye gurbin takardar. A yau kamfanonin Fanuc na Japan da Siemens na Jamus ne suka yi fice wajen ƙera ƙwaƙwalwar waɗannan injina, Haas na Amurka kuma na cikin masu ƙera injinan kansu, sannan masu araha na fitowa daga China da Taiwan.

Yadda aikin ke tafiya

Da farko ana zana kayan a kwamfuta da cikakken ma'auninsa. Wata manhaja ta biyu ta lissafa hanyar da wuƙa za ta bi, ta mayar da ita jerin umarni da ake kira G-code. Harshe ne gajere: G00 na nufin a tafi da sauri ba tare da yanka ba, G01 a yanka a miƙe, M03 a kunna juyawar wuƙa. Injin da aka fi samu yana motsi ta fuska uku, hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa. Mai fuska biyar yana iya karkata kayan ko wuƙar, amma tsadarsa ta sa sai manyan masana'antu.

Abin da ake biya kuɗi dominsa shi ne daidaito. Aikin yau da kullum yakan tsaya cikin kuskuren kashi 1 cikin 10 na milimita, kuma inji mai lafiya a hannun gwani yana iya matsawa zuwa kashi 1 ko 2 cikin 100. Ƙwararren mai aikin hannu ma yana iya kai wa nan a guda ɗaya. Inda ake barinsa a baya shi ne idan an ce a yi guda 300, na farko da na ƙarshe su zama abu ɗaya.

Alminiyam ya fi sauƙin yanka. Farin ƙarfe mara tsatsa yana cin wuƙa, yana kuma ɗaukar lokaci. A ɓangaren roba an fi amfani da nailan da POM, wadda kasuwa ta fi sani da Delrin, don ƙananan giya da bushin. Matsalar roba ita ce zafi: in wuƙa ta dakushe sai ta narkar da ita maimakon ta yanka.

Kumasi

Duk wanda ya zauna a Aboabo, Asawase ko Sabon Zango ya san cewa in ƙarfe ya karye, Suame ake nufa. Suame Magazine na daga cikin manyan matattarar makanikai da maƙera a Afirka. Sunan ya samo asali ne daga wata ma'ajiyar makamai ta zamanin mulkin mallaka, inda masu sana'a suka fara taruwa a shekarun 1930, kuma sunan ya bi su bayan sun koma inda suke yanzu. Ƙiyasin masu aiki a wurin ya kama daga 80,000 zuwa 200,000, gwargwadon wanda ya ƙirga da shekarar da aka ƙirga. Manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa Burkina Faso, Mali da Nijar suna ratsa Kumasi, kuma da yawansu a nan ake yi musu gyara. Hausa na cikin harsunan ciniki a wurin, tare da Twi.

Suame ta taɓa ganin sabuwar fasaha ta shigo ta zauna. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah, KNUST, ta kafa cibiyar ba da shawara kan fasaha a 1972, kuma a 1980 cibiyar ta buɗe reshe a cikin Suame mai suna ITTU. Daga nan ne narkar da baƙin ƙarfe a zuba shi a ma'auni ya bazu tsakanin masu ƙananan rumfuna, har faifan injin niƙa da a da ake shigowa da shi ya koma ana yinsa a Kumasi. Wannan tsari aka faɗaɗa zuwa sauran yankunan Ghana a 1987 da sunan GRATIS. A 2006 ƙungiyoyin masu sana'ar suka haɗu suka kafa SMIDO.

Shi CNC bai samu irin wannan karɓuwa ba tukuna. Yawancin aikin Suame har yanzu a kan tsofaffin injinan hannu ake yinsa, akasarinsu na gwanjo daga Turai. Injinan kwamfuta sun fi yawa a jami'o'i, cibiyoyin horo da wasu kamfanoni masu zaman kansu. Ghana ba baƙuwa ba ce ga fasahar: tun 2004 aka buɗe ɗakin ƙira na Fab Lab a makarantar fasaha ta Takoradi da taimakon MIT, kuma a 2020 gwamnati ta aza harsashin cibiyar narkar da ƙarfe da ƙera kayan inji a harabar hukumar makamashin nukiliya da ke Accra.

Dalilan jinkirin a bayyane suke. Injin da wuƙaƙensa da dala ake sayensu, kuma a 2022 sidi ya yi mummunar faɗuwa. Yana buƙatar wutar masana'anta mai layi uku da ba ta rawa. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya karya wuƙa ta lalata dunƙulen da aka yi sa'o'i ana sassaƙawa, kuma waɗanda suka ga "dumsor" na 2014 da 2015 ba su manta ba. Babban dalili kuwa shi ne tsarin koyon sana'a. Yaron shago a Suame da ido da hannu yake koyo, abokin ciniki kuma karyayyen ƙarfe yake kawowa ya ce a yi masa irinsa. CNC zane yake ci. Sai an samu wanda zai auna karyayyen kayan, ya ƙiyasta yadda yake kafin ya cinye, ya zana shi, kafin injin ya motsa.

Ga mai neman a yi masa kaya

In guda ɗaya ake so, kamar bushin ko fil na tirela da ke tsaye a hanya, mai injin hannu ya fi sauri da araha, domin kuɗin zane da saita CNC ɗaya ne ko guda 1 za a yi ko 100. Da zarar adadi ya ƙaru, ko siffar ta zama mai lanƙwasa kamar ma'aunin zuba roba, lissafin yakan juye.

Ana so mai kaya ya faɗi irin ƙarfen da sunansa, domin giyar da aka sassaƙa daga ƙarfe mai laushi ba tare da an gasa ta ta yi tauri ba, kyan gani kawai gare ta. Kada kuma a nemi matsanancin daidaito a ko'ina. Sai a wuraren da kaya ke shiga cikin wani, kamar mazaunin boris, saboda kowane ƙarin daidaito ƙarin kuɗi ne. Wuƙar zagayayya ce, don haka kusurwar cikin rami ba ta fita tsaf, dole ta ɗan lanƙwasa. Masu aikowa daga Yamai, Maraɗi ko Wagadugu na iya tura zanen ta waya a tsarin STEP, wanda kusan kowace manhaja ke karantawa, tare da bayyana cewa ma'aunin milimita ne, domin wasu tsofaffin injina da kusoshi na Ghana har yanzu a kan inci suke.