Daga Baitulmali Zuwa Rance: Tarihin Ɗaukar Nauyin Ɗalibai a Nijeriya

Magidancin da ke da shago a kasuwar Utako ta Abuja, idan ɗansa ya sami gurbi a jami'a, yakan shiga lissafin kuɗin rajista da na masauki tun bai gama murna ba. Kakannin yaron ba su san irin wannan lissafi ba. A zamanin da aka buɗe Kwalejin Katsina, wato 1922, hukuma ce ke neman yara, iyaye da dama kuwa suna ɓoye su. Ci da sha da sutura duk suna wuyan gwamnati da baitulmalin En'e. Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗora a kan wannan turba, domin tana bukatar 'yan ƙasa da za su gaji kujerun Turawa.

Rance ya shigo ne a 1972, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar bai wa ɗalibai bashi. Hukumar ta durƙushe saboda yawancin waɗanda suka karɓa ba su biya ba. Wataƙila sun ɗauke shi rabonsu ne daga arzikin man fetur.

Babbar girgiza ta zo a watan Afrilu na 1978. An ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2. Ƙarin ba shi da yawa a ido, amma ɗalibai sun fahimce shi a matsayin alamar cewa gwamnati ta fara zame kafaɗarta. Ƙungiyarsu ta ƙasa, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta nemi a sauke kwamishinan ilmi, Kanar Ahmadu Ali. An harbe Akintunde Ojo a Legas, an kuma kashe wasu a Zariya, sannan gwamnatin Janar Obasanjo ta haramta ƙungiyar. Bankin Ilmi da aka kafa da doka a 1993 bai taɓuka abin kirki ba.

Shekara talatin bayan haka, a watan Yuni na 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a wata sabuwar dokar rance. Sharuɗɗanta sun yi tsauri: sai kuɗin shigar iyali bai kai naira 500,000 a shekara ba, sai kuma an kawo mutum biyu masu tsaya wa ɗalibi. Talakan da aka yi dokar dominsa ina zai samo su? A watan Afrilu na 2024 aka sake dokar, aka cire waɗannan sharuɗɗa, asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu. Asusun kan biya makaranta kai tsaye, ya ba ɗalibi naira 20,000 a wata. Babu kuɗin ruwa a ciki, abin da ya kwantar da hankalin iyayen da ke gudun riba. Biya kuwa yana farawa ne shekara biyu bayan hidimar ƙasa, inda ake cire kashi 10 cikin 100 na albashi.